Nomau da Gamba da Furen Baƙo

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku matso. Ke Tasalla, bar mutsu-mutsun nan, yau tatsuniyar irinku ce.

Wani mutum ne wai shi Nomau. Shi dai Allah bai yi shi da zama ba. In ya zauna sai ya miƙe, in ya miƙe sai ya zagaya, in ya zagaya sai ya manta abin da ya tashe shi. Tuwo ma a tsaye yake ci. Matarsa Ladingo ta yi magana har ta gaji, ta zuba masa ido.

Duk duniya abin da ya mallaka lambu ne guda a bakin rafi, gadon ubansa. Albasa, tumatir, alayyafo, da shi suke ci, da shi suke sha. Ta gefen rafin kuwa uban ya bar gamba layi uku, ciyawar nan doguwa da ake saƙa zana da ita, tun daga wannan kusurwa har waccan.

Ran nan sai ga wani baƙo ya biyo ta lambun, ya roƙi ruwa. Nomau ya ba shi. Da ya sha, sai ya sauke wata ƙwarya cike da dashen fure ya ce tukuici ne. Kowane fure kamar ɗan faifai a kan siririn kara, ga ja, ga rawaya, ga ruwan goro. Kai, furen nan ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba.

Baƙo ya ce, "Kada ka binne masa wuya. Kada ka cika masa ruwa. In ka dasa, ka ƙyale shi ya kama ƙasa."

Nomau ya ce, "Na ji, na ji." Ina ya ji? Tun a maganar farko ƙafarsa ta yi gaba.

Ya zagaya lambu, babu wurin dashe. Ya sake zagayawa, babu. Sai idonsa ya faɗa kan gamba. Ya ce, "Dubi wannan, ba launi ba ƙanshi, ta cinye min wuri." Sai ya ɗauko hauya ya hau layin farko. Sai gamba ta kama waƙa:

"Nomau, Nomau, sassauta hauya,
Kaina a sama iska ke kaɗawa,
Hannuna a ƙasa, ina riƙe da kaya."

Nomau ya ce, "Kayan wa?"

Ta ce, "Naka."

Ya ce, "Ban ba ki ajiya ba." Ya tumɓuke layin kaf, ya dasa fure.

Gari na wayewa ya sheƙo lambu. Ya duba, fure bai ƙaru ba. Sai ya kama ɗaya ya zaro shi, wai zai ga ko saiwa ta fito.

Fure ya ce, "Wayyo mai lambu, jiya fa ka dasa ni!"

Ya mayar. Gobe ya zaro, ya mayar. Jibi ya zaro, ya mayar. Haba, ko ɗan mutum aka yi wa haka ai ya langwaɓe. Fure ya sunkuyar da kai.

Nomau ya ce, "Inuwar gambar nan ce." Sai ya ɗauko hauya ya hau layi na biyu. Gamba ta sake waƙarta, ya yi biris da ita. Ladingo ta kawo masa fura ta tarar da ɓarna, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Maigida, Baba fa bai bar ciyawar nan don ado ba."

Ya ce, "Me kika sani a lambu?"

Ta ce, "Na san in rafin nan ya kawo, ba ya sallama."

Ya ce, "Ajiye furar ki tafi."

Ya kwashe fure ya mayar sabon wuri. Ya binne shi har wuya don kada ya faɗi, ya yi ta kwarara masa ruwa safe da yamma, yana zarowa yana dubawa. Rabin furen ya ruɓe. Nomau ya rasa inda zai sa kansa. Ya je gida ya dawo, ya je ya dawo, har ƙafarsa ta yi hanya a cikin albasa.

Sai ya ce, "Iskar bakin ruwa yake so." Ya ɗauko hauya ya hau layi na uku, wanda ke kan gaɓa. Wannan karon gamba ba ta yi waƙa ba. Ta ce, "Nomau, ni kaɗai na rage. In ka cire ni, kayanka sun tafi."

Ya ce, "Surutu!"

Ya yi ta sara, ya yi ta sara, saura tushe ɗaya tak sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya yar da hauya, ya cusa sauran furen a ƙasa, ya ruga gida.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kwana ɗaya, kwana biyu. Nomau na ta safa da marwa a ɗaki, ya leƙa ƙofa ya dawo. Rana ta uku da hantsi aka ji rafi yana ruri. Ya zabura. Ladingo ta riƙe masa riga ta ce, "Don Allah ka zauna, yau ɗaya dai!" Ya fizge ya fita.

Ya isa lambu ya tarar rafi ya zama jan ruwa, yana gatsar gaɓa yana haɗiyewa. Rib, tumatir ya tafi. Rib, alayyafo ya bi. Maimakon ya ja baya, sai ya ruga bakin gaɓa wai zai ceci furensa. Yana sunkuyawa ƙasar da ya taka ta zame.

Ya kai hannu ya cafki jan fure, fure ya biyo hannunsa. Ya cafki rawaya, ya biyo hannunsa. Ya cafki ruwan goro ya ce, "Riƙe ni!"

Fure ya ce, "Da me? Ka bar ni na kama ƙasa ne?" Shi ma ya zaro.

Ruwa ya kai masa ƙirji. Sai hannunsa ya faɗa kan tushen gambar nan guda. Ya damƙe. Ganyenta ya yanke masa tafi, jini na zuba, bai saki ba.

Gamba ta ce, "Kada ka motsa. Ni kaɗai ce, in ka yi mutsu-mutsu mu tafi tare."

Nomau ya tsaya cak. Ruwa na jan ƙafarsa, tsoro ya cika shi, ko yatsa bai ɗaga ba, tun hantsi har azahar. Can sai ga Ladingo da maƙwabta da igiyar guga, suka jefa masa suka jawo shi.

Da ruwa ya janye, Nomau ya koma ya duba. Lambun ubansa saura ɗan abin da bai fi tabarma huɗu ba, a bayan tushen gambar nan. Sauran duk rami ne. Nomau ya durƙusa ya yi kuka, kuka sosai, irin na babban mutum da ba shi da daɗin ji.

Fure ɗaya na maƙale a aljihunsa. Furen ya ce, "Mai lambu, ni ban cuce ka ba. Da ka sa ni a kasko a tsakar gida ka ƙyale ni, da na yi maka ado har baƙi su tsaya kallo." Ladingo ta karɓe shi ta ce ita za ta dasa.

Nomau ya juya wajen gamba ya ce, "Ki yafe ni. Zan mayar da ke layi uku, har huɗu. Yaushe ƙasata za ta dawo?"

Gamba ta ce, "Ba ta dawowa, Nomau. Wadda ta rage dai zan riƙe maka."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare a nan. Fure na da wurinsa, gamba na da nata. In kun tarar da abin da manya suka bari a tsaye, ku tambayi aikin da yake yi kafin ku ɗauko hauya. Ku tashi haka nan, kowa ya naɗe tabarmarsa.