Ƙafar Amalanken Jabez

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Dorset, a ƙasar Ingila, zamanin kakannin kakanni, mai suna Jabez Huckle. Amalanken doki gare shi, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Sai dai girman kai kamar ya kashe shi. Ya taɓa wuce maƙwabciyarsa Keziah tana tafe cikin ruwan sama, ya ce mata amalankensa ba na masu taɓo a ƙafa ba ne.

Wata ranar kasuwa, a kan gangare, amalanken ya yi sanadin ajalin Amos, mijin Keziah.

A lokacin akwai wata doka. Sunanta deodand, daga harshen Latin, ma'ana abin da za a ba Allah. Duk abin da ya motsa ya kashe mutum, dabba ne ko itace, ya fita daga hannun mai shi. Da farko sadaka ake yi da shi don ran mamacin, daga baya ya koma aljihun masu mulki.

Dattawan ƙauye suka zauna. Wakilin mai ƙasa ya zo har da igiya, yana shafa wuyan dokin. In aka ce doki da amalanke ne suka motsa, Jabez ya tashi a tutar babu.

Shaida guda ce, Keziah.

Jabez ya kasa ɗaga ido. Kowa ya san ramuwar gayya ta zo har gida.

"Dokin a tsaye yake," in ji ta. "Ƙusa ce ta karye, ƙafar amalanken ta fice ta gangaro kan mijina. Ita kaɗai ta motsa."

Wakilin ya ce, "Baiwar Allah, mijinki fa aka kashe."

"Na sani, ni na rufe masa ido. Abin da za a ba Allah ne, zan sa ƙarya a ciki?"

Dattawan suka yanke cewa ƙafar kaɗai za a karɓa. Aka jingine ƙafar a bangon coci, babu wanda ya yarda ya taɓa ta.

Washegari Jabez ya aro wata ƙafar ya ɗauki gawar Amos zuwa makabarta. Keziah ce zaune a gaba, shi kuwa a ƙasa ya taka cikin taɓo, yana jan doki yana kuka.

Darasi: Kada baƙin ciki ya sa ka ƙara ko ƙwayar zarra a kan gaskiya, kuma kada ka raina kowa, domin wanda ka wuce a hanya yau, gobe abincinka na iya rataya a bakinsa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.