Rigar Marinan Gawasa

An karɓo daga littattafan mutanen dauri, irin waɗanda gara ta cinye gefensu ta bar mana tsakiya, cewa an yi wani birni ana ce masa Gawasa, wanda ba a san shi da komai ba kamar rini. A nan aka yi wani Sarkin Marina mai suna Gwadabe. Dattijo ne mai gaskiya da riƙon amanar jama'arsa, sai dai yana fama da cutar da ke damun marina duka, wato ba ya iya ganin farin abu ya ƙyale shi. An ce ko farar akuya ce ta gifta ta bakin karofi, inda ramukan rini suke, sai ya bi ta da kallo yana jin tausayinta.

Ana nan sai marina suka cika shekara ɗari da haƙa ramin rininsu na farko, suka ɗaura niyyar biki. Al'adarsu kuwa, a irin wannan rana sukan kai wa Sarki babbar riga. Amma a shekarar abin ya wuce al'ada, don wani attajiri mai suna Madugu Audi ya roƙi Sarki filin karofin zai gina zango, yana cewa bai kamata ramuka masu wari su tare bakin kasuwa ba. Sarki bai ba shi ba, bai kuma hana shi ba. Ya ce a jira rigar. In ya ga ta isa ya sa ta a jikinsa, filin ya zauna hannun marina. In ya miƙa ta ga bafade, to su nemi wani wuri. Gwadabe ya ji tsoro ƙwarai, don ramin rini ba tukunya ba ce da za a ɗauka a kai, kuma gidaje masu yawa a nan suke cin abinci.

Ya sa aka saƙa masa ƙyalle mai kyau, ya rina shi da hannunsa har ya yi baƙi wuluk. Sa'an nan ya nufi zauren Malam Sambo, shugaban maɗinka, mutumin da ya san aikinsa kuma ba ya ɓoye cewa ya sani. Suka shirya a kan aska takwas, babban adon da ake yi wa ƙirjin rigar manya. Malam Sambo ya ce a kawo masa zaren tsamiya, wato silikin gida, yadda Allah ya yi shi, fari-fari, don shi ne ke tashi a kan baƙi.

Gwadabe ya sayi zaren, ya biya da shi karofi. Nan fa dattawan marina suka yi caa. Yaya za a ce rigar marina, ranar bikin marina, a kai ta gaban Sarki da zaren da bai ga baban rini ba? Ai sai a ce sun kasa ne. Gwadabe da ma abin da ke ransa ke nan, bai jira an gama magana ba ya tsoma zaren a rami. Ya tsoma ya shanya, ya sake tsomawa, har zare da ƙyalle suka zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Da Malam Sambo ya ga zaren, ya ce adon ba zai fito a kan baƙi ba. Gwadabe ya ce masa shi dai ya yi ɗinki, maganar launi ya bar wa masu ita. Malam Sambo ya ji zafin wannan magana, amma ya kama aiki. Damina ta wuce yana duƙe a kan riga.

Da aka gama, Gwadabe ya kai ta wurin Waziri Jibo, don ba a shigar da kyauta fada sai Waziri ya gani. Waziri ya sa aka baza ta, ya duba, ya matso, ya sake dubawa, sa'an nan ya tambaya cikin ladabi yaushe za a fara ɗinkin. Gwadabe ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Aikin yana nan, in ka shafa da hannu ka ji shi, amma ido ba ya ganin komai sai baƙi.

Waziri ya ce, "Zauna, Sarkin Marina, in ba ka wani labari. An ce wasu fataken gishiri sun taɓa yin babban baƙo. Suka ce yau sai ya san gishirinsu ya fi na kowa. Suka zuba a miya, suka zuba a tuwo, suka zuba a fura, har ruwan sha ba su bari ba. Baƙo ya yi loma ɗaya ya tsame hannu. Da ya koma gida aka tambaye shi ko gishirin mutanen nan na da kyau. Ya ce wallahi bai sani ba, don bai sami abin da zai ci da shi ba."

Gwadabe ya sunkuyar da kai. Ya gane, kuma ganewar ta yi masa ciwo, don saura kaɗan watan biki ya tsaya.

Bai koma karofi neman shawara ba. Ya wuce kai tsaye zauren Malam Sambo, ya tuɓe takalmansa, ya ƙi tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya zauna a ƙasa a gaban maɗinka duka. Ya ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya na taka ta. Ban zo in ce ka yi don ni ba. Ka yi don mutanen da ke bayana."

Malam Sambo ya so ya ja rai, har ya fara lissafa laifin marina tun daga kakanninsu. Amma da ya dubi tsoho zaune a ƙasa, sai ya bar lissafin. Ya ce kwance aikin ba zai yiwu ba, amma ana iya bin gefen kowace aska da farin zare, in an sami hannuwa da yawa. Ya aika aka tara maɗinkan gari, suka kewaye riga kamar masu cin tuwo, kowa ya kama ɓangarensa. Masaƙa suka ji labari suka kawo zare. Gwadabe kuwa kullum yana zaune a gefe, hannuwansa a cikin aljihu, don kada su yi masa halinsu.

Ranar biki fada ta cika. Gwadabe ya ƙi ɗaukar rigar da kansa, ya sa Malam Sambo ya riƙe ta, masaƙa da mabuga masu bugun tufafi suna biye. Aka warware ta. Farin zaren ya zana kowace aska, baƙin aikin da ke ciki kuma ya taso, abin da da ba a gani yanzu ya zama shi ne kyan rigar.

Madugu Audi ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce rigar ta yi kyau, amma kowa ya ga wanda ya riƙo ta. Aikin maɗinka ne, kuma shi ba filin maɗinka ya roƙa ba. Sarki ya dubi Gwadabe ya ce, "Ka ji. Rigar nan ta wa ce, taku ko tasu?"

Gwadabe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Lokacin da take tamu mu kaɗai, Waziri shaida ne, ba wanda ya iya ganinta. Sai da farinsu ya hau ta baƙinmu ya fito. Amma a ɗora farin nan a kan farin ƙyalle a gani ko zai tashi. In an cike ramukanmu, duk waɗanda ke tsaye a bayana sun rasa inda za su ɗora aikinsu."

Sarki ya miƙe, ya tuɓe alkyabbarsa, ya sa rigar. Ya tabbatar wa marina filinsu, ya ba Madugu wani wuri a bayan ganuwa. Gwadabe ya so ya yi godiya, kuka ya ci ƙarfinsa, sai Malam Sambo ne ya yi ta a madadinsa.

Masu littafin suka ce, wanda ya nace sai aikinsa kaɗai za a gani, shi ne ke fara ɓacewa daga idon mutane. Nan rubutunsu ya tsaya, Allah shi ne mafi sani.