Malamin da Ya Mai da Baƙi Bayi

Akwai wani malamin tarihi a jami'a da ɗalibai ke kira Ƙamus a bayan idonsa, saboda yana cika baki cewa harsuna bakwai yake ji. Gaskiyar magana uku ya iya, sauran tsintar kalmomi yake yi. Ga shi ba ya son gyara ko kaɗan.

Yana rubuta littafi kan yadda mutanen tudu suka sauko suka zauna tare da mutanen bakin kogi. A ɗakin adana takardu ya samo wata tsohuwar wasiƙa cikin harshen mutanen tudu. Ya fassara ta da kansa, ya ce ta tabbatar da cewa mutanen tudu bayi ne aka sayo su.

Matar da ke kula da takardun ta leƙa fassarar, ta ce, “Malam, kalmar nan ba bawa take nufi ba, baƙo take nufi. Harshen kakata ne.”

Ya cire gilashinsa ya kalle ta sama da ƙasa. “Ke aikinki kakkaɓe ƙura. Kakar taki digiri nawa gare ta?”

Ta koma kan aikinta.

Littafi ya fito. Kafin wata biyu wani ɗan takara daga bakin kogi ya fara karanta shafin fassarar a taron siyasa, yana cewa jikokin bayi ba za su mulke su ba. Aka yi jefe-jefe a kasuwa, aka ƙone shaguna. Aure da dama ya mutu, har da na ƙanwar Ƙamus, wadda mijinta mutumin tudu ne.

Jami'a ta kira zama. Wani dattijon tudu ya miƙa masa wasiƙar, ya ce, “Karanta mana layi ɗaya da bakinka.”

Ƙamus ya yi ta in-ina, gumi na keto masa.

“Ko gaisuwa ba ka iya da harshenmu ba,” in ji dattijon, “amma ka iya sa wa iyayenmu sarƙa! Jikana yana kwance da karyayyar ƙafa saboda kai.”

Ƙamus ya ce kuskuren maɗaba'a ne. Aka yi masa ihu. Aka janye littafin, aka sallame shi daga aiki. Amma shafin ya riga ya shiga hannun jama'a, kuma har yau ɓangarorin biyu ba sa zuwa jana'izar juna.

Darasi: Duk mai rubuta tarihin wasu, amanar mutuncinsu ce a hannunsa. Abin da ba ka sani ba, ka tambayi masu shi, komai ƙanƙantarsu a idonka. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, amma ɓarnar girman kai takan wuce mai yin ta.