Dutsen Iyaka Zai Zo Ba da Shaida

Wai dagacin Kwangwarma ne ya ƙyalla ido a kan gonar Inna Tambai, wadda ke jikin dutsen da kakanni suka kafa a iyakar gari.

Ya ce, "Wa zai shaida taki ce?"

"Ranka ya daɗe, sai dai dutsen nan. Shi ya ga kakana yana nomanta."

"Kawo shi gabana, ko ki rasa gona."

Ta rangaɗa guɗa. "Samari, ku ɗauko diga! Af, ranka ya daɗe, ba inda dutsen ya tsaya nan ƙasarka ta ƙare ba?"

"Haka ne."

"To, a ƙofar gidanka za mu kafa shi, ko cikin zaure?"

Dagaci ya zabura, rawani na warwarewa. "Kada wanda ya taɓa dutsen nan! Je ki yi nomanki!"