Robar da Sahura Ta Sa a Ƙirji

Barira mai kitso ce ta fara ba ni wannan labari, kaina yana kan cinyarta tana ja mini gashi kamar mun yi faɗa. A unguwarsu aka yi abin. Tun ranar yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in ajiye muku shi, ku da kuka iya gardama, ku raba mini.

Akwai wata mata, Sahura. 'Ya'yanta uku, duk maza, kowanne ta shayar da shi wata ashirin cif. To jiki ya yi abin da jikin uwa yake yi, nono ya kwanta. Ita ko a jikinta. Tana girkinta, tana dariyarta, tana saƙa hulunan jarirai tana sayarwa, ba ta taɓa tsayawa gaban madubi ta yi wa kanta shari'a ba.

Sai aka zo wani biki a dangin mijinta. Ɗaki cike da mata, ana ta tuɓe kaya ana sa anko. Sahura ta cire riga ke nan, sai Kubura ƙanwar mijinta ta tafa hannu ta ce, "Matar yaya! Waɗannan silifas ɗin da kika rataya a ƙirji, don Allah ara mini in shiga banɗaki." Ɗaki ya kece da dariya. Sahura ma ta yi dariyar, don wasa ne tsakanin mace da ƙanwar miji, wadda ta yi fushi ita ce mai laifi. Amma sunan ya zauna. Kafin a watse bikin har yara suna cewa Mai Silifas. Da maganar ta kai kunnen mijinta Lurwanu, shi ma dariya ya yi, har da buga ƙafa. Namiji da 'ya'yansa uku suka rayu da abin da ake yi wa dariya! Daga ranar Sahura ta daina canza riga a gaban kowa. Ko mijinta ne ya shigo, sai ta juya masa baya.

Tana da aminiya tun suna yara, Suwaiba, mai zuwa ƙasar waje saro kaya. Ita ta kai wa kukanta. Suwaiba ta rufe ƙofa, ta ɗaga rigarta ta nuna mata nata a tsaye kamar na budurwa. Ta ce, "Ke, wa yake zama da zubabben kaya a wannan zamani? 'Yar tsaga ce a ƙasa, a zura roba, a ɗinke. Kwana biyar kin miƙe." Ba ta gaya mata cewa robar tana iya taurarewa ba. Ba ta gaya mata tana iya fashewa a ciki ba, ko ta tara ƙwayar cuta, ko kuma cewa ba abin har abada ba ne, wata rana sai an sake yanka. Wataƙila ita ma ba ta tambaya ba. Ta ja ta suka tafi da sunan saro, ta kai ta wani ɗaki a saman bene inda ko yarensu Sahura ba ta ji. Mace da lafiyarta, ba zazzaɓi ba ciwon kai, ta kwanta aka tsaga ta. A hanyar dawowa ta sa Suwaiba ta rantse da Allah ba za ta gaya wa kowa ba, Suwaiba ta rantse. Lurwanu kuwa aka ce masa magani ne ta sha. Ya ce masha Allah, bai ƙara tambaya ba, don amsar ta yi masa daɗi.

Shekara biyu ana haka. Nonon hagu ya fara tauri yana yi mata suka, ta ɓoye. Ta samu ciki, ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya da ita. Aka kai ta wankan jego gidan Gwaggo Tasalla, ƙanwar babanta. Wannan Gwaggo ita ta raine ta, don uwar Sahura ta rasu ta bar ta tana wata huɗu, Gwaggo ta haɗa ta da ɗanta ta shayar da su tare.

Kwana uku da haihuwa nonon ya kumbura, ya yi ja, ya yi tauri kamar dutsen guga. Gwaggo ta taɓa ta ce, "Ruwan nono ne ya daskare, yanzu zan sauke shi." Ta tafasa ruwa, ta tsoma tsumma, ta dinga gasawa tana murzawa da duk ƙarfinta, safe da yamma. Sahura tana cizon bakin zane, hawaye yana zuba, kalma ɗaya ce za ta tsayar da hannun nan, amma kunya ta riƙe mata harshe. Zazzaɓi ya rufe ta. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce a kai ta asibiti mana. Gwaggo ta ce, "Asibiti me suka sani a jego? Kafin a haifi likitan nake wannan aiki." Ta ƙara itace a murhu. Kwana biyu ta hana a fita da ita.

To ga ukun da suka kai ta bakin kabari: Kubura, Suwaiba da Gwaggo. Yanzu ku ji yadda su ɗin dai suka janyo ta.

Rana ta biyar Suwaiba ta zo barka. Tana ɗaga zane ta ga abin da ta gani, ta gane robar ce. Sahura ta damƙe mata hannu, da ƙyar muryarta take fita, ta ce, "Kin rantse." Suwaiba ta ce, "Na rantse. Zan yi kaffara, amma wallahi ba zan tsaya a yi miki wankan gawa ba." Ta fito tsakar gida, ga mata 'yan barka cike, ta ɗaga murya ta ce, "Gwaggo, a sauke ruwan nan! Roba ce a ƙirjinta. Ni na kai ta aka sa, ni ma akwai ta a jikina." Tsumma ya faɗi daga hannun Gwaggo. Nan take aka nemo mota. Kafin la'asar maganar ta isa wurin mijin Suwaiba, wanda shi ma bai san da nata ba, ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Barira ta ce mini har yanzu bai neme ta ba. Da Suwaiba ta riƙe rantsuwarta, da a ɗakin nan Sahura ta ƙare.

A asibiti likita ta duba ta ce robar hagu ta fashe, mugunya ta taru a kewayenta, cutar ta fara shiga jini. Sai an cire duka biyun, yau ba gobe ba, kuma sai mai jikin ta sa hannu. Sahura ta juya fuska bango ta ce ba za ta sa ba. Ta ce in an cire, abin da zai rage ya fi na da muni, ga tabo, ga duniya ta riga ta ji, gara a binne ta da su. Likita ta yi lallashi, Lurwanu ya durƙusa yana roƙo, ko kallonsu ba ta yi ba. Sai Gwaggo Tasalla ta ture su ta matso. Tsohuwar da ko mayafinta ba a taɓa gani ya zame ba, ta kwance zanenta daga ƙirji a gaban likita, a gaban suruki. Lurwanu ya fita a guje. Gwaggo ta ce, "Juyo ki duba, 'yar nan. Sun kai cibiya. Bakwai suka sha, ke ce ta takwas. Lokacin da kike tsala ihu kina lalubensu, kin ce ba su da kyau? Ni na murza ki da hannuna ban sani ba. Kada ki bar ni da wannan har in mutu." Sahura ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa hannu aka ba ta biro. Da Gwaggo ba ta tuɓe ba, da ba a shiga da ita ɗakin aiki ba.

Jaririya kuwa an bar ta a gida ba uwa ba nono. Aka ba ta madarar gwangwani, duk abin da ta sha sai ta amayar, har idonta ya fara faɗawa. Kubura tana goyon ɗa mai wata biyar. Ba wanda ya aika mata. Ta ƙulle kayanta ta zo ta tare a gidan Gwaggo, ta sa ɗanta a dama ta sa 'yar a hagu. Kan nononta ya tsage har yana jini, ba ta cire bakin yarinyar ba. Da likita ta ce Sahura ba za ta iya shayar da wannan 'ya ba, Kubura ta ce, "Ni zan kai ta yaye. In nawa sun zube su zube." Da ba ta zo ba, da Sahura ta farka ta tarar an kai 'yarta makwanci.

Aka ɗaga suna zuwa kwana goma sha huɗu. Ana gobe suna aka sallamo Sahura, ƙirji a naɗe da bandeji. Lurwanu ya zauna nesa da ita, kansa a ƙasa, ya ce, "Ni ba ni da bakin raɗa wa yarinyar nan suna. Na bar miki. Amma dangi sun ce a cikin Kubura da Suwaiba da Gwaggo za a yi wa ɗaya takwara, don ba su da abin da za a saka musu da ya fi wannan." Kun dai san takwara ba ƙaramin abu ba ne. Sunan da za ta kira ke nan safe da rana har ƙarshen ranta, kuma duk wanda ya ji zai ce ga wadda aka fi gode wa.

Washegari da safe maza sun hallara a ƙofar gida, ga goro ga dabino, liman yana jira. Wata 'yar'uwa ta miƙo wa Sahura rigar nono mai soso a ciki, ta ce ta sa kada mutane su ga wuri fayau. Sahura ta karɓa ta ajiye a kan gado. Ta zura doguwar rigarta haka nan, ta ɗauki 'yarta, ta fito a hankali tana dafa bango, ta zauna a tsakiyar mata ba ta ja mayafi ta rufe komai ba. Ta sa aka kira Kubura da Suwaiba da Gwaggo suka zauna a gabanta. Ta aika wa maza cewa su ɗan jira ta.

Nan Barira ta gama kitson, nan labarin ya tsaya. Ni dai raina a ɓace yake da su duka, har da mai buga ƙafa yana dariya. Amma liman yana ƙofa, yarinya kuma ba za ta zauna ba suna ba. To ku gaya mini, tsakanin Kubura da Suwaiba da Gwaggo Tasalla, sunan wace ce ya kamata a raɗa wa 'yar Sahura?