Jan da Ya Fito a Tukunya

Akwai wani mai zanen yadi a kasuwar Isfahan ta ƙasar Iran, sunansa Bahman, ana ce masa Usta, wato gwanin sana'a. A da, in ana son shimfiɗa ko labule mai furanni da tsuntsaye, wurinsa ake zuwa. Sai shekaru suka ja, hannu ya fara rawa.

Shagon da ke kallon nasa na Kazem ne, wanda Bahman ɗin ne ya koya wa riƙe alƙalamin zane. Yanzu masu saye sai su gaishe da Bahman su wuce wurin Kazem. Gaisuwar nan ita ta fi ƙona masa rai.

"Usta, ga shayi," Kazem zai ce kullum da safe.

"Ajiye. Manyan masu zane ma suna kai shayi ashe?"

Kazem sai ya yi dariya ya koma bakin aikinsa.

Ana nan Kazem ya soma wani babban aiki a ƙuryar shago, da Bahman ya leƙo sai ya rufe. Bahman ya ce a ransa, shi ke nan, aikin ɗan kasuwar Tehran ɗin nan ne, mutum ɗaya da ya rage yana saye a hannuna, shi ma Kazem ya ƙwace shi.

To a sana'ar nan ba a shafa ja kai tsaye. Ruwan alif, irin wanda ake tace ruwan sha da shi, ake zanawa da shi, ya bushe kamar ba a taɓa yadin ba. Sai an dafa shi a tukunyar rini, duk inda alif ya taɓa ya fito ja, kuma babu wankin da zai fitar da shi.

Da Kazem ya tafi sallar azahar, dattijon nan da furfurarsa ya tsallaka da kwanon alif ɗinsa, ya tsoma yatsu ya yarfa wa yadin daga sama har ƙasa. Ko kallon zanen bai tsaya yi ba. Wallahi da ni ne Kazem, da kasuwa ta watse ranar.

Aka dafa yadi. Ɗige-ɗigen ja suka fito ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Bahman ya zauna yana jiran rigima, Kazem kuwa sai ya koma ƙurya da yadinsa.

Bayan wasu kwanaki sai ga Kazem da yadin a naɗe, ya baza a gaban Bahman. Kowane ɗigo ya zagaye shi da baƙin layi, ya yi masa ganye da reshe, ya zama 'ya'yan itacen rumman.

"Na mutumin Tehran ne?" Bahman ya tambaya.

"Wane Tehran, Usta? Shimfiɗar ɗaurin auren Nasrin ce, 'yarka. Mamanta ta roƙe ni in yi a ɓoye, don kada ka wahalar da hannunka."

Bahman ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya ce, "Ka san wanda ya..."

"Tun da aka tsamo shi na sani. Duk layin nan babu mai haɗa alif da kauri haka sai kai. Dubi nawa jan, dubi naka. Na daɗe ina neman irinsa ban samu ba."

Ranar biki Nasrin ta zauna a gaban shimfiɗar, mata suna ta yaba rumman ɗin. Wata ta tambayi wanda ya yi.

Kazem ya ce, "Ni da babanta. Jan nasa ne."

Bahman ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba.

Darasi: Mai hassada ba ya tsayawa ya duba abin da yake ɓatawa, sau da yawa kuma nasa ne. In wanda ka koya wa aiki ya fi ka, ai hannunka ne ya yi nisa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda cigaban maƙwabcinsa ke hana shi sakat.