Manomin da Ya Dubi Sama Daga Cikin Kwazazzabo

Akwai wani manomi wanda ya shekara arba'in yana noma. In ya dubi sama ya ce yau za a yi ruwa, mata sai su kwashe shanya. Abin ya shige masa kai, har ba mai iya gaya masa magana a kan ruwa.

Wata rana da damina, 'yan ikilisiyarsu suka ɗauki mota zuwa wani gandun daji na ƙasa, inda kogi ya ratsa duwatsu ya yi kwazazzabai masu zurfi. Ya tafi da matarsa Briskila, wadda ciwon gwiwa ya daɗe yana damunta. Jagoran gandun ya sauka da su ta wata siririyar hanya har gindin kwazazzabo. Ruwan bai wuce idon sawu ba. Briskila ta zauna a kan dutse ta tsoma ƙafafunta, ta ce rabonta da jin daɗi haka tun tana amarya. Manomin ya yi murna ƙwarai.

Can sai jagoran ya ga ruwan ya fara yin ja, ga ganyaye da ƙirare suna biyowa. Ya ce kowa ya hau sama maza, an yi ruwa a kan tuddai. Mutane suka fara hawa. Manomin ya ɗaga kai, ya ga sama tas, ko gajimare babu.

Ya ce, "Ɗana, ni za ka koya wa ruwa? Bar ta ta huta."

Jagoran ya ce, "Baba, ruwan nan ba a kanka aka yi shi ba. Daga nesa yake zuwa."

Briskila ta yunƙura za ta tashi, mijin ya ce ta zauna. Ta zauna, gama ba ta taɓa ganin ya yi kuskuren ruwa ba.

Jagoran ya raka wasu tsofaffi biyu sama, ya juyo da gudu. Kafin ya iso, sai ga ruri. Ruwa ya taho kamar katanga. Jagoran ya samu ya fizgo manomin, amma Briskila gwiwa ta hana ta sauri, ruwa ya tafi da ita. Sai a rana ta uku aka sami gawarta. Manomin ya yi kuka mai zafi, yana ta cewa shi ne ya ce ta zauna.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kwazazzabon shi ne duniya, kuma ɗan abin da muke hangowa daga cikinta kaɗan ne. Jagoran shi ne Maganar Allah, wadda ta san abin da ke tafe. Manomin ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba. Ya kai sanin gonarsa ne inda ba gonarsa ba. In Ubangiji ya gargaɗe ka ta bakin wanda bai kai ka shekaru ba, ka tashi. Taurin kanka ba kai kaɗai zai ci ba, akwai mai zaune saboda ta amince da kai.